Wuyan Zalɓe

Ƙarfe goma saura kwata aka kira sunan makarantarmu zuwa teburin awo. Ni ce a gaba, ɗalibaina uku na biye da ni ɗauke da Zalɓe a kan faffaɗan katako. Zalɓe mutum-mutumi ne da muka shafe wata bakwai muna haɗawa a ɗakin gwaje-gwaje: tayoyi huɗu, akwatin batir, sai dogon hannun ƙarfe mai ludayi a kai, wanda sifirin ke fizgowa ya wurga ƙwallon soso cikin kwando. Wannan hannun yaran ke kira wuya, daga nan kuma sunan ya samo asali.

Dokar gasar ba ta da wani lauje cikin naɗi. Ƙwallon da mutum-mutumi ya harba kada ta wuce gudun mita goma a sakan. Wanda ya tsallake awo a manna masa koriyar sitika ya shiga fili, wanda bai tsallake ba ya zauna a benci ya yi kallo. Sau uku ake ba kowace makaranta damar zuwa teburin, kowane zuwa harbi uku da dole dukansu su tsallake, ƙarfe goma sha biyu kuma a naɗe tebur. Yarana duka 'yan ajin ƙarshe ne, ba su da wata baɗi.

Gaskiya ban zo da fargaba ba. Da kai a sama na shigo zauren, don mun auna Zalɓe a makaranta ya fi sau ɗari, kullum tara da rabi yake ba mu. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da kimiyyar lissafi, ba na jin akwai wanda zai koya mini auna gudun ƙwallo.

Mai awon wani dattijo ne mai furfura, tsohon injiniya, tabarau rataye a wuya. Na'urarsa wani ɗan akwati ne mai zobe biyu a jere. Ƙwallo ta ratsa zoben farko ta ratsa na biyu, lamba ta fito da jan haske. Ya miƙo ƙwallo uku ya ce, "To bismilla. Wa ke tuƙi?"

Kyaftin ce ke tuƙi, doguwar yarinya marar yawan magana, wadda ko hamma za ta yi sai ta yi shawara da zuciyarta. Ta saita Zalɓe, ta danna. Wuya ya zabura, ƙwallo ta daki labulen da ke bayan tebur.

Goma da ɗigo shida.

Ta sake. Goma da ɗigo biyar. Na ukun ma goma da ɗigo shida.

Na ce, "Injiniya, na'urar nan taku lafiyarta ƙalau kuwa?"

Bai ji haushi ba, da alama ya saba. Ya ce, "Malama, tun safe ke ce ta huɗu da kika tambayi lafiyarta. Ni ko mutum ɗaya bai tambayi tawa ba." Ya ɗauko wata ƙwallon ƙarfe ya sake ta daga saman bututu ta ratsa zoben, ya nuna mini lambar da ta fito da wadda ke rubuce a takarda. Ba bambanci. Ya ce, "Saura muku zuwa biyu. Ku je ku sassauta sifirin."

Ku sassauta sifirin. Faɗa da baki ba wuya. Muka koma ɗan lungun da aka keɓe mana tsakanin wasu makarantu biyu, muka zagaye Zalɓe muna kallonsa. Sauran makarantun moto suke amfani da shi, a kwamfuta suke rage gudu, minti ɗaya an gama. Namu sifirin ne, kuma maƙalinsa a liƙe yake da walda. A da noti ne ke riƙe da shi, yana yawan kwancewa, sai na ce da Noti ya kai wa kawunsa mai walda ya liƙe shi mu huta. Noti shi ne namijin cikinsu, an raɗa masa sunan ne don aljihunsa ba ya rabo da ƙarafa. A lokacin sai da ya ce, "Malama, in muka so canzawa fa?" Na ce me za mu canza a abin da ya riga ya yi daidai.

Noti ya ce a yanke sifirin ɗin a rage tsawonsa. Na ce in an yanke tauri zai ƙara. Malamin makarantar da ke kusa da mu, Allah ya saka masa, ya zazzage mana akwatinsa, babu sifirin da ya shiga. Daga ƙarshe muka tsaya a kan ƙara wa wuyan nauyi don ya rage zafin fizga. Nan ma akwai iyaka, don an ƙayyade nauyin mutum-mutumi, Zalɓe kuwa kaɗan ya rage ya cike. Noti ya zazzage aljihunsa, muka ɗaure noti shida a bayan ludayin da salatif. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma ga mu muna fafewa.

Zuwa na biyu, goma da ɗigo uku. Injiniya bai ma bari mun ɓata sauran ƙwallon ba. Ya rubuta, ya ce, "Kuna matsowa. Saura ɗaya, kada ku yi gaggawar dawowa."

A lungu rigima ta tashi. Barkono ce mai lissafin ƙungiyar, 'yar ƙaramar yarinya da bakinta ya fi jikinta. Ita ke ɗaukar bidiyon ƙwallo da waya a barandar makaranta, ta rage saurinsa, ta ƙirga lokacin da ƙwallo ta ɗauka kafin ta wuce tayil goma na ƙasa, ta fitar da gudu. Littafinta cike yake da lambobi, layi bisa layi.

Noti ya ce, "Ke da kika ce tara da rabi! Wata bakwai kina cika mana baki, ashe ko raba lamba ba ki iya ba."

"Kai ne za ka koya mini? Je ka tambayi sakamakonka na zangon da ya wuce."

"Aƙalla ni abin da na ɗaure bai kwance ba."

Na daka musu tsawa suka yi shiru. Amma na ga Barkono ta zauna a ƙasa ta buɗe littafin, tana bin lambobin da yatsa tun daga shafin farko, leɓenta na motsi. Yarinyar da ba ta taɓa yarda an fi ta gaskiya ba, yau tana neman laifinta da kanta.

Kyaftin ba ta sa baki a rigimar ba. Tana tsaye tana leƙen filin gasar ta tsakanin kafaɗun mutane, inda wasu makarantu suka fara gwaji. Can ta ce, "Malama, filin nan kamar ya fi namu ƙanƙanta."

"Kamar yaya?"

"Daga layin harbi zuwa kwando. Namu ya fi nisa."

Na duba. Mita huɗu da rabi doka ta ce, mu kuma tayil goma sha biyar muka ƙirga a baranda muka ja layi da alli. Na sake dubawa, sai na ga gaskiyarta. Na ce su ci gaba da tunani ina zuwa, na fita bayan zauren inda ake jibge kujeru, na kira maigadin makarantarmu. Ranar hutu ce, shi kaɗai ne a can.

"Baba, don Allah ka buɗe ɗakin gwaje-gwaje. A bayan ƙofa akwai wata doguwar sandar awo ta katako a rataye. Ka ɗauko ta ka fito baranda."

Na ji ƙarar makullai, na ji takunsa, yana tafe yana ba ni labarin famfon da ya fashe. Ya ce, "Ga ta a hannuna, Malama."

"Ka shimfiɗa ta a ƙasa, bakinta daidai da bakin tayil. Tayil nawa ta ci?"

"Uku."

"Uku da ɗan saura ko? Sandar ta ɗan shiga na huɗu?"

"A'a, uku cif. Kamar don su aka yanka ta."

Sandar mita ɗaya ce. In tayil uku suka cika ta, kowane tayil ya haura santimita talatin da uku ke nan, ba talatin ba. Duk abin da muka auna a barandar nan ya fi yadda muka ɗauka da kusan kashi ɗaya cikin goma. Tara da rabinmu goma da rabi ne tun ranar farko.

Kuma na tuna ranar sarai. Makon farko ne, Barkono ta ce, "Malama, in ɗauko sanda in auna tayil ɗin?" Ina sauri zan shiga wani aji, na ce, "Ke dai da son ɓata lokaci. Tayil ai talatin ne, kowa ya sani." Ta rubuta talatin a saman shafi ta ja masa layi biyu. Sandar tana rataye taku biyar daga inda muke tsaye. Ɗan hakin da ka raina, in ji masu magana, kuma ni ce nake gaya wa yara kullum kada su yarda da lambar da ba su auna ba.

Maigadi ya ce, "Malama, in mayar da ita?" Na ce ya mayar, na gode.

Ban koma lungu ba. Teburin awo na nufa, na jira har Injiniya ya sallami wasu yara, na matsa kusa na rage murya. Na gaya masa komai, ban rage ba. Na ce laifina ne ni kaɗai, yaran nan ba su yi niyyar wuce doka ba, a hukunta ni, a rubuta wa shugaban makarantarmu in ana so, amma a bar su su shiga. Ban taɓa roƙon wani haka ba a rayuwata.

Ya cire tabarau ya goge. Ya ce, "Malama, na yarda da ke ɗari bisa ɗari. Amma duba can." Ya nuna gefen fili inda ɗalibai masu kwashe ƙwallo ke tsaye da tabarau na roba. "Ƙwallo ba ta san niyyar wanda ya harbo ta ba. An sa goma ne don in ta kauce ta sami fuskar ɗayansu, abin ya tsaya a jin zafi."

"Ɗigo uku fa, Injiniya. Wa ɗigo uku zai kashe?"

"Ba wanda zai kashe. Na sani, kin sani. Amma in na bar ɗigo uku, mai ɗigo biyar yana bayanki a layi, shi ma da nasa labarin." Ya dafa akwatin. "Kuma ko na so, lambar nan kai tsaye take tafiya kwamfutar alƙalai. Ni aikina in miƙa ƙwallo in manna sitika. Da ni da ke duk a ƙarƙashinta muke."

Na so in ji haushinsa, na rasa ta inda zan kama. Da ya yi mini wulaƙanci da na sami abin riƙewa.

Da na koma na tarar sun cire allon da aka rubuta sunan makaranta a jikin Zalɓe don su sami sararin nauyi, sun ɗaure ƙaramar sifana a wuyan tare da notin, sun naɗe da sauran salatif ɗin da ya rage. Barkono na nan zaune da littafinta, ta kai shafi na ashirin da wani abu. Na buɗe baki zan yi magana, Kyaftin ta ce, "Malama, sha ɗaya da rabi ta wuce." Na rufe bakina. Na gaya wa kaina wai kada in rikita su kafin awo, amma tsoro ne kawai.

Zuwa na uku mutane suka taru, don labari ya zaga cewa akwai makarantar da ke kan damarta ta ƙarshe. Kyaftin ta danna.

Tara da ɗigo takwas. Noti ya yi tsalle, Injiniya ya ɗaga masa hannu ya ce saura biyu.

Tara da ɗigo tara.

Ni na ga abin da ya faru a harbi na biyun, don idona na kan wuyan. Fizgar ta sa salatif ya ɗan saki, sifanar ta zame ƙasa kamar faɗin yatsu uku. Na ce, "Dakata!" Amma doka ta hana taɓa mutum-mutumi tsakanin harbi, kuma malami ba ya tsallake jan layin da ke gaban tebur. Injiniya ya dube ni, ya dubi sifanar, ya girgiza kai a hankali. Kyaftin ma ta gani. Ta tsaya riƙe da rimot har sai da aka ce mata lokaci na tafiya, sannan ta danna.

Goma da ɗigo ɗaya.

Wani a cikin taron ya ce, "Kai, Allah sarki." Jama'a suka fara watsewa. Injiniya ya rubuta lambar, ya ajiye biro, bai ɗauko jar sitikar waɗanda suka faɗi ba tukuna. Ya ce, "Ku matso, 'ya'yana. Akwai abu ɗaya a littafin doka. Mutum-mutumin da ba shi da abin harbi ba ya buƙatar awon gudu. Zai iya shiga ya tura ƙwallo zuwa ramin ƙasa, maki ɗaya-ɗaya. Kwando maki biyar ne, kun sani, ba za ku ci kowa ba. Amma za ku shiga."

Noti ya ce, "Sai mu ɗaure wuyan da igiya, Baba."

"Ba ɗaurewa aka ce ba. Cirewa. In yana jiki, sai na auna shi, ku kuma awonku ya ƙare." Ya dubi agogo. "Minti goma sha huɗu."

Wuyan ma a liƙe yake da walda, aikin kawu mai kyau wanda ba ya kwancewa. Ba abin da zai raba shi da jiki sai zarto.

Muka koma lungu. Barkono ta rufe littafinta ta miƙo mini. Ta ce, "Malama, na bi duka ban ga inda na ɓata ba. Wataƙila kaina ne bai kai ba. Ki duba ki gaya musu, don su san ba da gangan na yi ba."

Nan dai ƙarfina ya ƙare. Na ce, "Ba ki ɓata ko'ina ba. Tayil ɗin ba talatin ba ne, talatin da uku ne da ɗoriya. Na kira Baba maigadi ya auna. Kin ce za ki auna na hana ki. Ni ce na kashe ku, ba ke ba."

Na zaci za su yi ihu, ko Barkono ta wanke ni da bakin nan nata, kuma da na fi son haka. Sai kawai ta karɓi littafinta ta buɗe shafin farko, ta zuba wa talatin ɗin nan mai layi biyu ido. Ta ce, "Ke nan lissafina daidai ne?"

"Daidai ne, tun daga farko har ƙarshe."

Sai a lokacin ta fashe da kuka. Noti ya sunkuyar da kai yana murza yatsu. Na fara cewa su yafe mini, Kyaftin ta katse ni, ba da tsawa ba, ba kuma da taushi ba. "Malama, ba yanzu ba. Saura minti goma. Noti, aro zarto."

Malamin maƙwabtanmu ya ba mu zarton ƙarfe. Noti ya durƙusa ya ɗora shi a gindin wuyan, inda ya shafe mako biyu yana gogewa da fentawa. Ya ja sau biyu, ƙarfen na rawa, zarto na zamewa. Bai ɗago ya dube ni ba ya ce, "Malama, riƙe nan." Na durƙusa na riƙe da hannu biyu. Ƙarar ta cika lungun, yaran wasu makarantu suka leƙo suka koma. Garin ƙarfe na zuba a kan zanena, hawayen Noti na ɗiga a kan akwatin batir, yana sharewa da gefen hannu don kada ruwa ya shiga waya. Saura minti uku wuyan ya rabu ya zauna a hannuna.

Injiniya ya zagaya Zalɓe sau ɗaya, ya ɗora shi a sikeli, ya manna koriyar sitika.

Malamai ba sa shiga fili, don haka na hau benci na uku na zauna da wuyan a cinyata, sifana da noti na nan manne a jikinsa. Wasan minti biyu da rabi ne. Abokan karawarmu suna ta zuba ƙwallo a kwando, jama'a na tafi. Zalɓe na bin gefen fili yana tura ƙwallo ɗaya-ɗaya zuwa rami, kuma wallahi tuƙin Kyaftin ba shi da makusa, ko katanga ba ta taɓa ba. Ta tura huɗu. Barkono na tsaye a gefenta tana ƙirga mata lokaci.

Saura sakan goma, hanyar komawa ta biyo da ita ta kan layin harbi. Sai na ga Zalɓe ya tsaya cak, ya juya ya fuskanci kwando, daidai yadda ta yi sau dubu a baranda. Babban yatsanta ya danna maɓallin harbi. Daga inda nake na ji ƙaramin moton da ke jan sifirin ya yi kuka, ya juya, bai ja komai ba.

Ta dubi rimot ɗin da ke hannunta, sannan ta ɗago ta nemi inda nake a benci. Aka busa usur.